Akwatin da Aka Manta a Bayan Ƙofa

A kowane banki, asibiti ko cibiyar jarrabawa ta kwamfuta da ke Suleja, akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da ake kafewa a bango ko a cusa cikin kabad, wayoyi sun yi masa caa, ƙananan fitilunsa suna ƙyaftawa dare da rana. Masu sana'ar suna ce da shi suwic. Shi ne ke karɓar saƙo daga wannan kwamfuta ya miƙa wa waccan. Ɗaki mai kwamfuta 250, irin wanda Hukumar JAMB ke bukata, sai an haɗa shi da akwatunan nan da dama, tun da galibinsu ramuka 24 ko 48 ke gare su. Idan ɗaya ya tsaya, duk yaran da ke layinsa sun tsaya ke nan.

Abin da yawancin masu waɗannan wurare ba su lura da shi ba shi ne, babban suwic, watau irin wanda ake shiga cikinsa a ba shi umarni, yana da tasa manhajar a ciki. Kamfanin da ya ƙera shi yakan fitar da sabuwa lokaci lokaci, haɗe da takarda mai bayyana lahanin da aka gyara da wanda aka sani amma ba a kai ga gyarawa ba. Wannan takarda kuwa, da wuya a sami mai karanta ta. An kafa akwati, an biya injiniya, ya kama hanyar Abuja, shi ke nan sai ranar da abu ya lalace.

Sakacin nan yana da tarihi. A watan Maris na 2018 kamfanin Cisco ya ba da sanarwar wata ɓaraka a wani sashe na manhajarsa mai suna Smart Install, ya kuma fitar da magani. Kwana kaɗan bayan haka, cikin Afrilu, wasu suka bi ta ɓarakar suka shafe tsarin dubban na'urori, suka bar hoton tutar Amurka a ciki. Gwamnatin Iran ta ce wajen 200,000 abin ya shafa a duniya, 3,500 daga ciki a ƙasarta. Abin mamaki, a watan Agusta na 2025 hukumar FBI ta yi gargaɗin cewa masu kutse na gwamnatin Rasha suna shiga ta wannan kafa ɗin dai. Shekara bakwai magani yana ajiye, ba a sha ba.

To, amma fa shan maganin ma yana da ƙa'ida. Ba sai an je nesa ba: hedkwatar JAMB tana Bwari, maƙwabciyar Suleja. Ran 14 ga Mayu, 2025, magatakardan hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas ya gurɓace, domin wani gyaran manhaja da aka yi bai shiga wasu manyan kwamfutocin yadda ya kamata ba. Dole aka sake musu jarrabawa. Ba suwic ne ya jawo wannan ba, amma ciwon iri ɗaya ne: an sabunta wani sashe, an bar wani, ba wanda ya bi sawu ya tabbatar.

A Suleja akwai ƙarin matsala biyu. Ta farko wuta. Sabunta manhajar suwic yakan ɗauki mintoci, in kuwa wuta ta ɗauke a tsakiya, akwatin yana iya ƙin tashi sai an kira gwani, wani lokaci ma sai an sayi sabo. Saboda haka injiniya mai hankali ba ya taɓa wannan aiki sai da batirin ajiya cike, ya kwafi tsohon tsarin ya adana, ya gwada a kan akwati guda tukuna, kuma ba a jajibirin jarrabawa ko ranar biyan albashi ba.

Ta biyu kayan gwanjo. Da yawa daga akwatunan da ake saye da araha, ofisoshin Turai ne suka yar da su bayan kamfani ya daina fitar musu da gyara. Suna aiki sumul, ba shakka, sai dai duk ɓarakar da aka gano daga baya tana nan buɗe har abada. Wasu ma da kalmar sirri ta asali suke zuwa, ba a sake ta ba.

Mai cibiya ba ya bukatar zama injiniya kafin ya tambayi wanda ya kafa masa akwati: wace manhaja ce a ciki, yaushe aka sabunta ta, kamfanin yana kula da wannan samfurin har yanzu? In Cisco ne na da, ya ƙara da tambayar ko an kashe Smart Install. Umarnin da ke kashe shi kalma biyu ne kacal.