Sifilin Dikte

Jama'a, daga lakkwal ta Faransa muka gaji ƙa'idar nan: kuskure 5 a dikte, sifili. Ke nan yaron da ya yi kuskure 6 da wanda ya yi 30 sakamakonsu ɗaya, alhali saninsu ba ɗaya ba ne. Ga shi Faransanci cike yake da baƙaƙen da ake rubutawa ba a furta su.

A 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa. Kada mu auna rubutunta da wannan mudu, yaro ya fāɗi don ya mance lanƙwasar ƙ. Ya kamata magabatan ilimi su sa a riƙa ƙirga kalmomin da yaro ya rubuta daidai. Sifili ba ya nuna wa malami inda gyara yake.