Hutun Turai, daminar Icirnawa: tafiyar bincike ta gajeren lokaci

Manyan cibiyoyin kimiyya na Turai suna buɗe ƙofa ga ɗalibai baƙi daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da jami'o'insu ke hutu. Gidajen rediyo kan kira wannan lokaci bazara, amma a Icirnawa da sauran ƙasar Matamaye tsakiyar damina ce: an shuka gero da wake da gyaɗa, ana noman fari, kowane gida na neman hannu. Ɗalibin mastar ko na digirin dakta da ya fito daga nan, yana karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko Abdou Moumouni ta Yamai, sai ya auna wannan karo kafin ya cika takarda.

Ga mai karatun fizik, lissafi, kwamfuta ko injiniyanci, lokacin bai zama cikas ba. Cibiyar CERN da ke Janiba, mai ramin gwaji na kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Suwizalan da Faransa, tana ɗaukar ɗaliban lisansi da mastar da suka yi aƙalla shekara uku a jami'a, har daga ƙasashen da ba mambobinta ba. Suna yin makonni ana sauraron lacca, ana aiki ƙarƙashin wani masani, kuma ana ba su kuɗin guzuri. Sai dai ana rufe karɓar takardu tun watan Janairu, kuma da Ingilishi ake aikin. Wanda ya yi dukan karatunsa da Faransanci, tun kaka ya kamata ya fara shiri: fasfo, takardar sakamako, da wasiƙar shaida daga malamin da ya san aikinsa da gaske.

Mai binciken noma, ƙasa ko ruwa lamarinsa daban ne, kuma shi ne yankin ya fi buƙata. Gonar gwajinsa sau ɗaya take magana a shekara. In ya bar ta a watan Agusta, lokacin da gero ke fid da kai, tsutsar zuzzuɗa na shirin faɗa masa, ya rasa awon shekara guda cur, ba kuwa na'urar da za ta mayar masa da shi. Abin da ya dace da shi tafiya ce bayan girbi, ɗauke da samfurin ƙasa da iri da alƙaluman damina, ya je inda kayan auna su suke. Irin wannan tsari na rabi gida rabi waje akwai shi: cibiyar ICTP ta Triyaste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da shirin STEP, inda ɗalibin dakta a fannin fizik, lissafi ko yanayi ke ci gaba da rajista a jami'arsa, yana zuwa can na wasu watanni. Shirin WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi, wanda Yamai ke riƙe da ɓangarensa na makamashi, shi ma yana haɗa karatu a Afirka ta Yamma da ɗakunan gwaje-gwajen Jamus.

Biza ita ce babban shinge. Tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024, hanyar da ɗaliban Nijar suka saba bi ta ƙuntata, takardar gayyata ta wata biyu kuma ba ta jiran jinkiri.

Shi ya sa bai kamata a raina ƙasar wajen da ke kusa ba. Daga Matamaye, ta Daura, mota na kai mutum Kano, inda Jami'ar Bayero ke da Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, cibiyar binciken noma ta IITA kuma ke da tashar binciken wake. Ƙasar jigawa ɗaya ce, kwarin iri ɗaya ne, manoman Hausa suke ji, kuma ɗalibi na iya yin mako biyu a ɗakin gwaji ya komo gonarsa kafin maimai.