Sabar Haya Tana Bukatar Mai Kula

Jama'a, makarantu da yawa yanzu suna ajiye sakamakon jarrabawa a sabar haya, watau yanki guda na babbar kwamfuta da aka raba wa masu haya. In ta tsaya, sai a ɗora wa kamfani laifi. Alhali kuwa sau da yawa ma'ajiyarta ce ta cika da rahoton da take rubutawa kullum, ba mai sharewa. Ko kuwa ƙwaƙwalwarta ta cika, Linux ya kashe manhajar da ta fi ci. Kamfani wuri ya ba da haya, shara kuwa tamu ce.

Lalle kowace kwalejin horon malamai ta koya wa ma'aikata biyu duba waɗannan kowane mako. A kuma ajiye kwafin sakamako a wata na'ura dabam, gama wanda aka bari a cikin sabar tare suke salwanta.