Jiya Auduga, Yau 'Ya'yan Manoma

'Yan'uwa ɗalibai, iyayenmu na Funtuwa da Malumfashi ba su manta da ranar cin kasuwar auduga ba. Manomi ya yi wata shida yana bautar gona, ya ɗauro kayansa a jaki, ya tsuguna a rana yana jiran malamin awo ya ce lamba ɗaya ko lamba biyu. Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a Mancesta a 1902, shi ke gurzawa, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko. Mai saye ne ke yanka farashi, shi ne kuma ke riƙe da sikeli. To, muna so mu shaida muku wannan kasuwa ba ta watse ba. Haja ce kurum ta sake. Yau likitocinmu da ma'aikatan jinyarmu ake aunawa, sikelin kuwa takarda ce.

A 2020 gwamnatin Ingila ta buɗe biza ta musamman domin ma'aikatan lafiya. Ku duba abin da ake nema daga 'yar talakan da ta gama karatun jinya ko na ungozoma. Sai ta ci jarrabawar Turanci, watau IELTS ko OET, alhali da Turancin aka koyar da ita tun daga firamare. Sakamakon nan shekara 2 kawai yake aiki. Sai ta ci jarrabawar hukumar jinya ta Ingila. Sai ta tafi Abuja ko Ikko a gwada ta ko tana da tarin fuka, takardar kuwa wata 6 take yi ta mutu. Sai asibitin da zai ɗauke ta ya ba ta takardar ɗaukar nauyi, wadda tilas a yi amfani da ita cikin wata 3. Kowace takarda da ajalinta, kuma ba wadda ke jiran 'yar'uwarta. In ɗaya ta makara, sai wata ta mutu, a koma a sake biya. Kuɗin kuwa mun san inda suke fitowa: buhunan masara da waken suya, wani lokaci har da shanun huɗa.

Sun ce cikin mako 3 ake amsa takardar biza. Amma a Maris na 2022, da yaƙin Yukren ya ɓarke, sai suka dakatar da layin gaggawa, masu nema daga ƙasashenmu suka yi ta zaman jiran tsammani. A Maris na 2024 suka hana masu kula da tsofaffi tafiya da iyalinsu, a Yuli na 2025 kuma suka rufe ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga waje. Ranar da suke bukata ƙofa a buɗe take, ranar da suka ƙoshi a banko ta. Ina bambancin wannan da malamin awo?

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me shugabanninmu suka yi? A 2023 wani ɗan majalisar wakilai, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara 5 a gida. A Fabrairu na 2024 hukumar jinya da ungozoma ta Nijeriya ta ce ba za ta tantance takardun kowa ga ƙasar waje ba sai ya yi aikin shekara 2, tantancewar kanta kuma ta ci aƙalla wata 6. Watau maimakon su gyara asibiti, sai suka koyi dabarar Bature, suka mai da takarda mari a ƙafar ma'aikaci. Wanda aka ɗaure da takarda zai zauna, amma zuciyarsa tana tasha.

Kada a ce muna goyon bayan gudu. Mu ma mun san dogon layin mata masu juna biyu a asibitocin karkararmu, mun san ba a banza Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya a 2023 ba. Kowace ungozoma da ta bar Malumfashi, akwai ƙauyen da zai koma haihuwa a hannun sa'a. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, wanda ke aikin dare da fitilar waya, wanda ke fargabar 'yan bindiga a kan hanyar Faskari ko Sabuwa, ba wa'azi zai tsai da shi ba.

Saboda haka ga bukatunmu. Na ɗaya, kowace hukuma ta gida ta sa wa'adin fitar da takarda, ta kuma cika shi. Na biyu, gwamnati ta zauna da ƙasashen da ke ɗibar ma'aikatanmu, su biya kuɗin horar da madadinsu, tun da harajin talaka ne ya horar da su. Na uku, a biya ma'aikacin karkara alawus ɗin da zai riƙe shi, a tsare masa rai. Iyayenmu sun sayar da auduga a farashin da aka yanka musu don ba su da ƙungiya, ba su da ilmin zamani. Mu muna da duka biyun, saboda haka ba mu da hujjar yin shiru.