Karatun Taro a Matsayin Hanyar Koyar da Ruwan Bagaja a Makarantun Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ƙagaggun labaran Hausa, da wuya a sami wanda sunansa ya zaga makarantu kamar Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam. Sai dai jin sunan littafi daban, karanta shi kuma daban. Sau da yawa akan sami ɗalibin da ya kammala sakandare yana iya faɗin sunan marubucin da jigon littafin da sunayen taurarinsa, alhali bai taɓa bin labarin daga farko zuwa ƙarshe ba. Iyakar abin da ya sani ita ce taƙaitawar da malami ya rubuta a allo, ya kwafa, ya haddace domin jarrabawa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, littafi irin wannan a taro ya kamata a karanta shi, da murya, sannan a zauna a tattauna abin da aka ji. An ɗauki garin Babban Mutum na ƙaramar hukumar Ɓaure, cikin masarautar Daura a Jihar Katsina, a matsayin misali, domin makarantun karkara irin nasa ne sabon malami ya fi samun kansa a ciki bayan ya kammala kwaleji.

2.0 Littafin da Yanayin Samuwarsa

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin shekarar 1911, ya rasu a 1981. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, kuma yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Ke nan malamin makaranta ne ya rubuta Ruwan Bagaja, kuma a ƙasar Katsina ya rubuta shi.

Labarin kansa na tafiya ne. An wulakanta limamin da ya rene Alhaji Imam a fada, saboda ya ce ruwan bagaja ne maganin cutar ɗan sarki. Wannan ya sa Alhaji Imam ya sha alwashin nemo ruwan. A hanya ya gamu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suka yi ta shirya wa juna makirci daga gari zuwa gari, har daga baya suka zama abokai. A ƙarshe ya kai duniyar aljanu, ya samo ruwan, ɗan sarki ya warke.

Abin lura ga manazarci shi ne tsarin da aka zuba labarin a cikinsa. Alhaji Imam da bakinsa yake ba da labarin a gidan Koje Sarkin Labari, jama'a na saurare. Haka Ganɗoki yake ba yara labarin yaƙe-yaƙensa da shigarsa ƙasar aljanu. Haka kuma a Magana Jari Ce, wanda Imam ya rubuta daga baya cikin juzu'i uku, aku ne yake ba Musa ɗan sarki labarai domin ya hana shi fita. Waɗannan marubuta sun sanya mai sauraro a cikin littafin tun daga shafin farko. Wanda ya karanta su a taro ya mayar da su inda suka fito ne, wato dandalin hira.

3.0 Hujjojin Karatun Taro

Hujja ta farko ita ce ta harshe. Daɗin Hausar Imam a kunne yake: kirari, da baƙar magana, da zambo, da gajerun jimloli masu gudu a wurin rikici. Ɗalibin da karatun boko bai zauna masa sosai ba, idan aka bar shi shi kaɗai da littafi, ƙarfinsa kan ƙare a haɗa baƙi da wasali, dariyar da ke cikin zancen ta wuce shi. Idan kuwa ya ji wani yana karantawa da kyau, yana bi da ido, sai ya gane amfanin waƙafi da aya da alamar tambaya ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Bugu da ƙari, yaron Babban Mutum da Dauranci ya tashi, kuma garin yana dab da iyakar Nijar, inda ake jin Hausar Damagaram a kasuwa. A taro ne zai ji inda Hausar littafi ta saɓa da ta gida, ya tambaya, malami ya nuna masa bambancin karin harshe da daidaitacciyar Hausa ba tare da raina ɗaya ba.

Hujja ta biyu ita ce ta tunani. Ruwan Bagaja cike yake da wuraren da hankali biyu kan saɓa. Akwai inda Alhaji Imam ya shiga wani gari na jahilai ya mayar da kansa babban malami. Da Malam Zurƙe ya zo ƙure shi, sai ya zana wata alama a ƙasa ya ce ya karanta. Zurƙe ya yi ta ambaton haruffan Larabci, shi kuwa ya ce siffar jinjirin wata ce, jama'a suka goyi bayansa suka kori baƙo. Mai karatu shi kaɗai dariya zai yi ya wuce. A taro kuwa dole wani ya tambaya: wa ya fi laifi, mayaudarin ko mutanen da ba su da ilimin da za su rarrabe malami da ɗan damfara? Tambaya irin wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma ɗalibin da ya saba kare ra'ayinsa da hujja daga cikin littafi ya fara koyon tarke ke nan, ko da bai san sunansa ba.

Hujja ta uku ita ce ta hali. A makarantar karkara da wuya kowane ɗalibi ya mallaki littafinsa. Malamin da ya ce sai kowa ya saya kafin a fara, zangon karatu zai ƙare yana jira. Kwafi biyar ko shida sun isa aji ya kasu rukuni-rukuni. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A karatun zaure littafi ɗaya ake buɗewa almajirai da yawa su amfana, a tafsirin watan azumi kuma mai jan baƙi ɗaya ne, masu sauraro ba iyaka.

4.0 Sukar da Ake Yi

Akwai masu ganin labarin aljanu da ruwan da babu shi a duniya ƙarya ce tsagwaronta, bai dace a ɓata lokacin yara da ita ba. Wannan suka tsohuwa ce. East da kansa ya rubuta a 1936 cewa ya sha wuya kafin malamai su yarda rubuta ƙagaggen labari aiki ne da ya dace da mai ilimi. Amsar ita ce, mai ƙaga labari bai nemi kowa ya gaskata shi ba. Yaron da ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya san haka tun yana kan cinyar kakarsa. Imam kansa ya bayyana cewa ya amfana da Muƙamar Hariri, littafin da malaman zaure suke karantarwa, wanda shi ma labarin mai wayo ne da ke yawo gari-gari. Haka nan yaran ƙasar Daura sun san labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu, suna kuma iya zuwa su ga rijiyar. Taron karatu wuri ne mai kyau da malami zai taimaka musu su rarrabe tatsuniya da tarihi da tarihihi da ƙagaggen labari. Idan har ana tsoron yaro ya ɗauki makircin Alhaji Imam abin koyi, to barin sa shi kaɗai da littafin ya fi haɗari a kan karantawa a gaban malami.

Suka ta biyu ita ce ta lokaci: manhaja tana da yawa, jarrabawa na tafe. Wannan gaskiya ce, amma Ruwan Bagaja ƙaramin littafi ne, an kuma gina shi kashi-kashi, kowane gari da abin da ya faru a cikinsa. Darasi ɗaya a mako ya isa a kammala shi cikin zango guda. Ɗalibin da ya ji labarin, ya yi gardama a kansa, zai fi amsa tambayar jigo da salo a kan wanda ya haddace taƙaitawa.

Suka ta uku ita ce, taro kan koma hayaniya, masu baki su danne masu kunya, musamman 'yan mata. Wannan ma yakan faru, amma laifin shiri ne, gyaransa kuma yana hannun malami.

5.0 Abin da Ya Kamaci Malami

Wajibi ne malami ya karanta littafin gaba ɗaya kafin ya shiga aji, ya fitar da tsofaffin kalmomin da za su tsayar da yara. Shi zai fara karantawa domin ya nuna yadda ake sauya murya tsakanin mai ba da labari da taurari, sannan ya riƙa zagayawa da karatun, maza da mata, ba tare da ya kunyata mai tuntuɓe ba. Ya tsaya a inda labari ya ɗau zafi, ya tambayi abin da suke zaton zai biyo baya. Wajen tattaunawa, ya rage tambayar wane ne da ina ne, ya yawaita tambayar don me. Kowane rukuni ya sami mai rubuta abin da aka cim ma, kuma a riƙa sauya shi. Ya kuma kame bakinsa daga yanke hukunci da wuri, domin da zarar malami ya faɗi ra'ayinsa, yara sun daina neman nasu. Bayan an kammala, ana iya ɗorawa da Ganɗoki, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ko Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmed Daura, domin yara su ga ɗan ƙasarsu ma ya yi irin wannan rubutu.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Ruwan Bagaja daga hira ya fito, kuma da mai sauraro aka gina shi. An ga karatun taro yana gyara harshe, yana koyar da kafa hujja, yana kuma rage matsalar ƙarancin littattafai. Abin da ya rage shi ne ɗalibai masu koyon malanta su fara da kansu tun suna kwaleji: su biyar ko su goma su zauna da littafi ɗaya, su karanta, su yi musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda bai taɓa jin daɗin littafi a cikin 'yan'uwansa ba, da wuya ya iya sa aji guda ya ji daɗinsa ranar da aka tura shi Babban Mutum.