Wi-Fi ɗin kwamfuta ya ɓace? Wayar da ke aljihu ta fi "format" amfani

Ɗalibi ya kunna laptop da safe zai tura aikin makaranta, sai ya tarar alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya. Ya garzaya shagon gyara, aka ce masa sai an yi "format". Kafin azahar hotuna, takardun karatu da manhajojin da ya sha wahalar saukewa duk sun tafi, ga kuɗin aiki. Abin takaicin shi ne, sau da yawa matsalar ba ta wuce direba ba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da katin intanet na cikin na'urar. Goge kwamfuta kan irin wannan matsala ɓarna ce, kuma ya kamata masu gyara su daina sa ta a gaba.

Direba kan lalace bayan sabunta Windows, ko bayan an ɗora sabon Windows a kan laptop ɗin gwanjo. Cikas ɗin shi ne ana buƙatar intanet kafin a sauke direban, alhali direban ne ke kawo intanet. A nan wayar Android ke shigowa. In aka haɗa ta da kwamfuta ta kebul ɗin caji mai ɗaukar bayanai, aka kunna USB tethering a cikin Settings, Windows 10 da 11 kan gane wayar kai tsaye, domin tana amfani da wani direba daban da ke cikin tsarin tun asali. Masu iPhone kuwa sai sun sa iTunes ko Apple Devices tukuna.

Da zarar intanet ya dawo, sai a buɗe Device Manager. Alwatika mai launin rawaya a kan katin ita ce alamar matsala. Code 28 na nufin babu direba, Code 10 kuma na nufin katin ya kasa tashi. Idan matsalar ta biyo bayan sabuntawa ne, maɓallin Roll Back Driver zai maido da tsohon direban. Idan ba a san sunan katin ba, sashen Hardware Ids zai faɗa: VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek, VEN_14E4 na Broadcom, VEN_168C kuma na Qualcomm Atheros. Da wannan lamba mutum zai je shafin kamfanin da ya ƙera laptop ɗin, ko HP ne, Dell ko Lenovo, ya sauke direban da ya dace. Manhajojin da ke alƙawarin gyara duk direbobi da dannawa ɗaya abin gudu ne, domin da yawansu talla da shara suke cusa wa kwamfuta.

Masu gyara suna da tasu hujjar. Sukan ce "format" ya fi sauri, kuma wani lokacin katin ne ya mutu, babu direban da zai tashe shi. Haka ne, amma akwai hanyar tantancewa kafin a goge komai: a tayar da kwamfutar da Ubuntu daga filashi ba tare da ɗora shi ba. In Wi-Fi ya yi aiki a can, katin lafiyarsa ƙalau, gyara na wajen Windows. In kuwa katin ya mutu da gaske, "format" ba zai yi maganin komai ba. Ƙaramin Wi-Fi na USB da ake sayarwa a kasuwannin waya zai maye gurbinsa, kuma kuɗinsa bai kai na sabuwar laptop ko kusa ba.

Tethering na da nasa haɗarin, domin Windows na iya shanye datar wata guda wajen sabunta kansa. Saboda haka a sanya haɗin a matsayin Metered connection kafin a fara saukewa.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane da yawa kuma suna ƙaura zuwa Windows 11 ko Linux, don haka irin wannan matsala za ta ƙaru. Mai shirin ɗora sabon tsari ya fara sauke direban katinsa ya ajiye a filashi ko a cikin waya. In kuma aka ce masa sai "format", ya tambayi mai gyara ko ya duba Device Manager tukuna.