Martani: Gwanintar Kwamfuta Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Wani marubuci ya ce mai tsara fasahar babbar ma'aikata gwanintar kwamfuta kawai yake buƙata, wai shugabanci da iya mu'amala ƙawa ce. Da alama labarin Ingila bai iso masa ba.

A 2002 gwamnati ta ƙaddamar da shirin haɗa bayanan marasa lafiya na hukumar kiwon lafiya ta NHS a kwamfuta. Ga ƙwararru, ga kuɗi. Amma daga sama aka yanke komai, ba a saurari likitocin da za su yi aiki da shi sosai ba, su kuwa suka ja baya. A 2011 aka sanar da wargaza shirin, wanda aka ƙiyasta ya ci kusan fam biliyan 10.

Malam marubuci ya sake nazari.